Jarrabawar Mai Riƙe Igiya

Ƙasar Wudil ƙasar kogi ce da fadama da kasuwar shanu, shi ya sa yaron da ya tashi a Dagumawa ya fi sabawa da iyo da hawan bishiya a kan hawan dutse. Sai ya kama hanyar Dutse ko Birnin Kudu sannan zai ga duwatsun da ke sa hula ta faɗi in an ɗaga kai. A jikin irinsu akwai wata sana'a da nake so matasanmu su sani: aikin malamin da ke koya wa mutane hawan dutse da igiya, da jarrabawar da ake yi masa kafin a damƙa masa ran ɗan wani.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a Najeriya. A 1951 wani Bature mai suna Alec Dickson ya buɗe sansanin horar da matasa a gaɓar tekun Man O' War, kusa da garin da yau ake kira Limbe a Kamaru. Daga baya horon ya dawo Filato, kuma har yanzu makarantar tsauni ta cibiyar da ke gudanar da shi tana duwatsun Shere a gefen Jos, da reshe a Kwatarkwashi ta jihar Zamfara. Duk wanda ya yi sansanin bautar ƙasa ya ga 'yan ƙungiyar Man O' War da igiyoyinsu.

Inda jarrabawar ta fi samun tsari shi ne Turai da Amurka. A Birtaniya mai neman takardar shaida yana yin horon kwana 3, sannan a sallame shi ya je ya goge. Ba zai dawo ba sai ya rubuta a kundinsa hawa 40 da ya yi shi ne a gaba, yana kafa ƙarafan tsaro da hannunsa, ya taya ƙwararru kula da ɗalibai sau 20, ya kuma riƙe shaidar taimakon gaggawa. Jarrabawar kanta kwana 2 ce, a jikin dutse. Wani ya ci, wani ya faɗi, wani a ce ya je ya gyara abu kaza ya dawo.

Abin da ya fi burge ni shi ne, gwanintar hawa ce mafi ƙanƙantar abin da ake dubawa. Lalle sai ka iya hawa, amma mai jarrabawa ya fi zuba ido a kan hannunka lokacin da wani ne ke sama. Mutanenmu sun san wannan a bakin rijiya: mai shiga yasa shi ake yaba wa, alhali ransa na hannun wanda ya dafe ƙafa ya riƙe igiya a waje.

Da turke ake farawa. Malami zai tsaya a kan dutse ya nemi inda zai ɗaure, ko bishiya mai rai mai kauri, ko ƙaton dutsen da ba ya motsi, ko tsagar da za a cusa ƙarfe ya kama. Yawanci wuri ɗaya ba ya isa. Sai biyu ko uku, a raba musu nauyi daidai, yadda in ɗaya ya ɓalle sauran za su riƙe ba tare da fizga ba. Mai jarrabawa zai zo ya taɓa kowane ƙulli, ya duba ko ƙugiya ta kulle, ya duba ko igiya na gogar kaifin dutse. Ƙugiyar nan da ba ta cika tafin hannu ba tana ɗaukar nauyin kusan tan 2, amma in an bar bakinta a buɗe ƙarfinta ya ragu nesa ba kusa ba. Da ƙulli mai siffar lamba 8 ake haɗa igiya da ɗamarar mai hawa, an kuwa zaɓe shi ne don ido na iya gane daidai ne ko kuskure daga ɗan nesa. Akwai kuma ƙullin da Karl Prusik, ɗan ƙasar Ostiriya, ya fito da shi a 1931: siririyar igiya da ake naɗawa a jikin babba, ta zame in an tura ta da hannu, ta cije in nauyi ya hau kanta.

Daga nan sai a jefo matsala da gangan. Ɗalibi ya kai tsakiyar dutse tsoro ya kama shi, ya ƙanƙame, ba sama ba ƙasa. Ko kuma yana sauka gashinsa ko bakin rigarsa ya shige cikin ƙarfen sauka. A wurinmu a ce mayafi ko babbar riga. Nan ake gane malami. Wanda ya iya aikinsa tun farko ya ɗaura igiyar sauka da ƙullin da ke kwancewa ko da nauyi a kai, ga kuma igiya ta biyu a ɗaure da ɗalibin. Sai ya sassauta ta farko, nauyi ya koma kan ta biyu, rigar ta fita, ba wuƙa ba ihu. Mai tsoro kuwa da baki ake fara sauko da shi, a kira sunansa, a ce ya ja numfashi, ya miƙe ƙafafu, ya jingina da igiya. Malamin da ya yi tsawa a wannan lokaci ya zubar da maki, komai iya ƙullinsa.

Ana kuma duba yadda yake tafiyar da sauran da ke ƙasa: kowa da hular kwano, ba mai matsawa bakin dutse ba a ɗaure ba, kowa ya duba ɗamarar ɗan'uwansa kafin ƙafa ta bar ƙasa. Da a duwatsunmu za a yi jarrabawar, da sai an ƙara sanin ƙudan zuma da ke gida a tsaga, da santsin dutse da damina, da zafin bazara da ke sa dutse ya gagari tafin hannu tun hantsi.

A Amurka takardar ba ta har abada ba ce. Shekara 3 take yi, daga nan sai malami ya sabunta ta, ko da ya shekara ashirin yana koyarwa.