Filato a Kan Keke: Jama'a, Ƙasar Nan Ta Haɗu!

Duk wanda saninsa da Filato bai wuce leƙe ta gilashin mota ba, daga Hawan Kibo zuwa Mararrabar Jama'a, to ya yi haƙuri, bai ga Filato ba tukuna. Wannan magana ko a gaban wa zan faɗe ta. Filato tana can bayan kwalta, a hanyoyin burji da turbobin ƙafa da suka ratsa tsakanin duwatsu da gonakin acca, kuma ban ga abin hawan da ya dace da su kamar keken duwatsu ba. Mota ta cika sauri, ƙafa ta cika nawa, babur kuwa ƙararsa ba ta barin ka ji kukan tsuntsu. Keke shi ne daidai wa daida.

Ba irin keken da iyayenmu suka hau zuwa kasuwa nake nufi ba, ko da yake ina girmama wancan tsohon dokin ƙarfe da ya yi wa Arewa bauta. Wannan mai tayoyi ne masu kauri da ƙuraje, masu kama ƙasa, ga giya da za ka sauya idan hawa ya miƙe, ga birki mai faifai da ke tsayar da kai ko a kan tsakuwa, ga abin da ke shanye gargada a ƙafar gaba. Wasu samari ne suka fara wasan a shekarun 1970 a tsaunukan Kalifoniya ta Amurka, har ya shiga gasar Olamfik a 1996. Amma ni dai ina ganin da waɗancan samari sun taka Jos, da sun ce ai don nan aka ƙera shi.

A fara da duwatsun Shere, gabas da garin Jos. Kai, Allah Ya yi halitta a nan! Jos kanta tana kan tudu mai kimanin mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800. Kana barin wajen Lamingo hanya za ta fara yi maka wasa: nan jar ƙasa mai santsi, can tsakuwa mai zamewa, sai kuma ka ci karo da falalen dutse shimfiɗe, wanda taya ke manne masa ka hau shi tsaf ba ko gezau. Hawan yana cin cinya, ba na ɓoyewa. Numfashi zai yi sama, gumi zai keto duk da sanyin safiya, za ka sauko da giya har ta ƙare ka ci gaba da neman wata. To amma jira ka kai sama ka waiwaya. Ga Jos can ƙasa ta baje, ga manyan duwatsu wani kan wani a ɗore kamar tulunan da uwar gida ta jera a ɗaka, ga iska mai sanyi tana bugun ƙirji. Gajiyar nan take take bin iska.

Sai gangara. Wayyo gangarar Shere! Ka ɗaga daga kan sirdi, ka ja jiki baya, yatsa ɗaya a kan kowane birki, ido a can gaba inda za ka bi, kada ka kuskura ka zuba wa dutsen da kake tsoro ido domin inda ido ya tafi nan keke ke bi. Kwana ta zo ka kwantar da keken, taya ta ciji ƙasa, ka fito da gudu kana dariya kai kaɗai ba ka san lokacin da ta kuɓuce maka ba. Na ga dattawa masu furfura sun sauko daga wannan gangara fuskarsu na walƙiya. Ruwan da ke sauka a kan waɗannan tuddai ma abin a tsaya a yi tunani ne: wani ya bi Kogin Kaduna zuwa Kwara, wani ya bi Gongola zuwa Binuwai, na Dilimi kuma ya nufi arewa maso gabas har ƙasar Tafkin Chadi. Kana kan keke ne a kan rufin da ke rarraba wa Arewa ruwa.

Duk da haka, abin da ya fi kama zuciyata yana kudu, tsakanin Rayfield da Bukuru har zuwa Barikin Ladi, inda aka yi haƙar kuza. A nan ne tafiyar ke komawa karatu. Turawa sun iso da kamfanoninsu a farkon ƙarni na 20, ko da yake mutanen ƙasa sun riga su sanin kuza da narka ta. Suka kawo manyan injuna suka yi ta yashe ƙasa shekara da shekaru. Abin da suka bari shi ne ramuka masu zurfi da ruwa ya cika, da tsibin ƙasa ja da fari da ruwan sama ya zaizaye ya yi musu tsagi-tsagi, da layukan itacen turare da aka dasa daga baya don a rufe tabon. Ga mai keke, wannan fili aljannar duniya ce: hawa gajere, sauka gajere, kwana a bakin ruwa, sake hawa, babu minti ɗaya na zaman banza. Ruwan wani kududdufin kore shar, na wani shuɗi, kuma a gefensu manoman rani sun shimfiɗa kabeji da karas da latas da koren tattasai, injin ban-ruwa na ta ƙugi.

Amma ba na iya ratsa wurin ban tuna da waɗanda suka haƙa shi ba. Daga Kano, Zazzau, Sakkwato, Bauchi da Borno mutane suka yi ta kwararowa, da kwano a ka suna ɗibar ƙasa. Tsakanin 1942 da 1944, bayan Japan ta kame Malaya a Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta matsu da kuza, aka yi ta ɗibar talakawan Arewa ana kawo su aikin tilas cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa ba su koma gida ba. Garuruwan wannan yanki da ka ji sunansu ya fara da Bariki ko Sabon Gida, yawancinsu daga aikin haƙar kuza suka samo asali. Wataƙila kakan wani mai karanta wannan ya taka turbar nan da ƙafarsa. In ka san haka, ko feda ma sai ka riƙa taka ta da ladabi.

Cikin wannan haƙa ne kuma ƙasa ta fito da abin da ya girgiza masana tarihi. A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, suka tono wani mutum-mutumin yumɓu, daga baya aka yi ta samun irinsu, masu shekaru fiye da dubu biyu. Wani masani mai suna Bernard Fagg ya tattara su, ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Shawarata ita ce ka fara da gidan kafin ka hau keke. Ka ga kawunan Nok, ka ga kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da aka gina da ƙasa a harabar, ka ga tsofaffin kawunan jirgin ƙasan nan mai siririyar hanya da ya riƙa jigila tsakanin Zariya da Jos har aka rufe layin a 1957. Bayan haka, duk tudun da ka hau zai yi maka magana.

Wajen Riyom kuma wani daɗin ne daban. Fili ne buɗaɗɗe, ciyawa na kaɗawa, shanu na kiwo, ga dutsen nan sananne da ƙattan duwatsu suka hau kan juna suka tsaya cak, har mutum ya rantse iska za ta ture su, amma suna nan tun kafin kakannin kakanninmu. Hanyoyin ƙauyukan Birom kuwa sukan bi ta tsakanin shingayen kyarana dogaye, kore a dama kore a hagu, sai ka ji kamar kana ratsa soro mai tsawo. A kula dai da ƙayarta da farin ruwanta, ba ya shiri da ido. Mai sauran ƙarfi ya miƙa Kurra Falls ya ga madatsun ruwan da kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya yi don bai wa ma'adinai lantarki, ko ya nufi Bokkos ya ga tsofaffin gadojin dutse na Butura waɗanda mutanen zamanin da suka jera da hannu.

Mutanen hanya fa? Su ne gishirin tafiyar. Yara su biyo ka da gudu suna ihu, mata masu tonon dankali su ɗago ka ce "Sannunku da aiki, Mama," su amsa da fara'a har su tambaye ka ina ka fito da wannan keke haka. Ka tsaya gaban dattijo ka sauka, ka cire tabarau, ka ce "Baba, ina wuni," kafin ka tambayi hanya, sai ya kwatanta maka har da inda rafi ya cinye turba. Ka dawo gari da yunwa ka samu gwaten acca mai zafi, ko masa da tsire. Wallahi ban san abincin da ya kai na bayan hawan dutse daɗi ba.

Ƙaunar wurin ce ta sa dole in faɗi wannan. Filato ta sha fama da rikici, kuma wasu yankunan Riyom da Barikin Ladi da Bokkos sun ga tashin hankali mai ciwo. Kada kowa ya shiga daji shi kaɗai ko da ka. A tafi cikin ayari, da ɗan gari wanda ya san ƙasa kuma aka san shi, a tambayi halin da ake ciki kafin a fita, a gaida mai unguwa, a dawo kafin magariba. Kududdufan kuza kuwa kallo kawai, suna da zurfi kuma sun ci rayuka, kada kyansu ya ja kowa wanka. Hular kwano dole ce, haka ruwan sha da famfo da kayan faci, domin ƙaya ba ta san tsadar taya ba. Lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke ƙasa ba ta gama bushewa ba, zuwa cikin hunturu, sai dai a riƙe rigar sanyi domin safiyar Disamba a Jos ba ta wasa.

Samarinmu da 'yan matanmu na Kano, Kaduna, Bauchi da Zariya, masu tara kuɗi don zuwa kallon ƙasashen wasu, ga taku nan kusa, tafiyar 'yan sa'o'i. Ku nemi keke mai lafiya ko da na hannu ne, ku haɗa kai da abokai, ku sami ɗan gari ya yi muku jagora, ku hau Filato bana.