A bar wa direba kulocinsa

Ferrari ta daina ƙera mota mai giyar hannu wajen shekarar 2012. Lamborghini ta bi sahu da ta rufe samfurin Gallardo a 2013. Da Chevrolet ta fito da sabuwar Corvette ta 2020, motar da Amurkawa ke tinƙaho da ita, babu ko guda mai kuloci a ƙarƙashin ƙafar hagu. Ita ma Golf GTI ta Volkswagen ta yi sallama da giyar hannu bayan 2024. A Amurka sababbin motoci masu giyar hannu sun taɓa faɗuwa ƙasa da kashi biyu cikin ɗari na abin da ake sayarwa. Wannan lamari yana damuna, domin ina ganin masu ƙera motocin gudu sun manta dalilin da ya sa mutum ke sayen irin wannan mota.

Gaskiya ɗaya ce, na'ura ta fi hannun ɗan Adam sauri, kuma a fagen tsere aka fara tabbatar da hakan. A 1989 Ferrari ta shiga gasar Formula 1 da motar da John Barnard ya tsara, wadda ake canja mata giya da wasu 'yan maɓallai a bayan sitiyari, Nigel Mansell kuma ya ci tseren farko da ita a Brazil. A 1997 fasahar ta sauko kan titi cikin Ferrari F355. Daga baya aka zo da giya mai kuloci biyu, wadda Volkswagen ta saka a Golf R32 a 2003, Porsche kuma ta kawo tata, PDK, cikin 911 a 2008. Dabarar ita ce kuloci ɗaya yana riƙe da giya ta ɗaya, ta uku da ta biyar, ɗayan kuma ta biyu, ta huɗu da ta shida. Mota na tafiya a giya ta uku, ta huɗu na nan a ɗane tana jira, canjin kuwa kafin ƙiftawar ido ya auku ba tare da ƙarfin inji ya yanke ba. Babu direban da zai iya haka, komai ƙwarewarsa.

Ga kuma dokokin hayaƙi da na ƙara a Turai da Amurka, waɗanda mota mai kwamfuta ke tsallakewa cikin sauƙi tunda ita ke zaɓar giyar da ta fi tsimin mai. Kowane nau'in giya sai an kashe kuɗi an gwada shi an samo masa izini. Masu kuɗin su ma ba su taimaka ba: cikin dubban Ferrari 599 da aka ƙera, kusan talatin kacal aka yi odarsu da giyar hannu. Kamfani ba zai ci gaba da ƙera abin da ba a saya ba.

Duk na yarda da wannan. Inda na saɓa da su shi ne mizanin da suke auna motar da shi. Mujallu da tallace-tallace sun mai da hankali kan daƙiƙa nawa mota ke ɗauka kafin ta kai gudun kilomita 100 a awa, da kuma minti nawa take zagaye filin Nürburgring na Jamus. Mai sayen motar kuwa ba zai taɓa jin bambancin rabin daƙiƙa a titin garinsu ba. Mahayin da ya ɗaura wa dokinsa sirdi ranar hawan sallah bai hau don ya riga kowa isa ba, ya hau ne don a ga yadda yake sarrafa linzami, shi ma ya ji dokin na amsa masa. Motar gudu ma don wannan aka yi ta.

Duba abin da direba ke yi idan ya tunkari kwana mai kaifi da giyar hannu. Yatsun ƙafar dama na kan birki, ƙafar hagu ta danne kuloci, gefen ƙafar daman ya ɗan taɓa totur don inji ya ɗaga murya daidai da giyar da za a sauka a kai, hannu ya jefa ta daga ta huɗu zuwa ta uku, sannan a saki kuloci. Idan an dace, motar ba ta ko girgiza. Idan an kuskure, sai ta yi tutsu, kowa a ciki ya san an kuskure. Wannan sana'a ce da ake shekaru ana gogewa a kanta, kuma kunne da ƙafa da tafin hannu duk suna da aikin yi. Mota mai canja wa kanta giya tana ba ɗan koyo da gwani sakamako iri ɗaya. Wasu na ganin hakan ci gaba ne, kuma a motar zuwa aiki cikin cunkoso ci gaban ne. A motar da aka ƙera don jin daɗin tuƙi, an cire mata abin da ake ƙwarewa a kai.

Porsche ta ɗanɗana wannan da kanta. A 2013 ta fitar da 911 GT3 da PDK kaɗai, tana cewa ita ce ta fi gudu. Masoya motar suka yi ca a kanta. A 2016 ta ƙera 911 R, giyar hannu zalla, guda 991 kawai, nan take aka wawushe su, waɗanda suka samu suka riƙa sayarwa da riba ninki-ba-ninki. Shekara ɗaya bayan haka giyar hannu ta dawo cikin GT3. Toyota ma ta fito da Supra a 2019 babu kuloci, sai da ta ƙara shi a 2022. Su kuma 'yan tsirarun Ferrari 599 ɗin nan da aka ƙi a lokacinsu, yau a wajen gwanjo sun fi 'yan'uwansu masu otomatik tsada nesa ba kusa ba.

Amma wannan dawowar ba ta kwantar mini da hankali ba, domin giyar hannu na neman zama kayan ado na attajirai. Gordon Murray ya ƙera T.50 da giya shida ta hannu, guda ɗari, kowace sama da fam miliyan biyu. Pagani Utopia ma haka take, ta masu hannu da shuni ce, kuma da yawan irin waɗannan motoci a gareji suke ƙare rayuwarsu. Ba a can ake koyon tuƙi ba. Ana koyonsa a motoci irin su Mazda MX-5, Toyota GR86 da Honda Civic Type R, waɗanda ma'aikaci zai iya tara kuɗi ya saya, ko ya jira ta hannu. Ranar da waɗannan suka daina zuwa da kuloci, sana'ar ta mutu ko da Pagani na nan.

Motar lantarki kuwa ba ta buƙatar canjin giya sam. Duk da haka Hyundai ta saka wa Ioniq 5 N giyar kwaikwayo, da ƙarar inji ta lasifika da 'yar girgizar da kwamfuta ke yi. Ban raina ƙoƙarin ba, shaida ce cewa injiniyoyin sun san abin da aka rasa. Sai dai a can babu kulocin da zai ƙone idan ka yi sakaci, don haka babu abin da ƙafarka za ta koya.

Abin ya shafe mu ta hanya ɗaya. Motar da Ba'amurke ko Bature ya zaɓa yau ita ce za ta sauka Kwatano ko Legas nan da wasu shekaru. Iyayenmu sun koyi tuƙi a Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, direbobin haya har gobe giyar hannu suke so, don makanike na gefen titi ya san kanta, kuma idan batir ya mutu a tura ta ta tashi. Yaranmu kuwa da yawansu a Camry da Corolla masu otomatik suke fara riƙe sitiyari, ba su taɓa taka kuloci ba.

Kamfanonin da suka bar zaɓin, irin su Mazda, Honda, Porsche da BMW, sun yi daidai, waɗanda suka cire shi kuma sun tauye masu sayen motarsu. Kai kuma mai karatu, idan za ka koya wa ɗanka ko ƙaninka tuƙi, nemo masa mota mai giyar hannu ya fara da ita tun ana samunta a kasuwa.