Hubert Ogunde a Kan Dandamali: Nazarin Abubuwan da Ke Riƙe 'Yan Kallo

1.0 Gabatarwa

Yawancin nazarce-nazarcen da ake yi wa wasan kwaikwayo a sassan koyar da harsunan Nijeriya sukan tsaya ne a kan rubutaccen matani. Manazarci yakan ɗauki littafi ya fito da jigo, ya bi zubi da tsari, ya yi sharhi a kan salo da sarrafa harshe, ya jera 'yan wasa da halayensu, sa'annan ya rufe. Wannan hanya ta yi amfani ƙwarai wajen fahimtar wasanni irin su Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Sai dai akwai wani rukuni na masu fasaha da wannan ma'auni ba ya iya auna su, wato waɗanda aikinsu a baki da jiki yake, a gaban jama'a. Marigayi Hubert Ogunde yana daga cikinsu. Ya shirya wasanni fiye da 50 a tsawon shekaru sama da 40, amma kaɗan ne ƙwarai aka buga, kuma duk wanda ya karanta labarin ɗayansu a taƙaice zai yi mamakin abin da ya sa mutane ke cika zaure domin kallonsa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta gano abubuwan da ke sa aikin mutumin da ya haɗa wasa da waƙa ya kama zukatan masu kallo. Za a duba abubuwa huɗu: murya, da jiki, da sanin 'yan kallo, da kuma tsadar abin da ake faɗa. Bayan haka za a nuna inda salon nasa ya yi rauni.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Ogunde a shekarar 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode, cikin Jihar Ogun ta yau. Mahaifinsa malamin coci ne, kakansa na wajen uwa kuwa bokan Ifa ne, saboda haka tun yana yaro kunnensa ya saba da waƙoƙin coci da kuma kirarin Ifa da kiɗan dodanni. Ya yi aikin koyarwa, ya kaɗa ogan a coci, daga baya ya shiga aikin 'yan sanda. A shekarar 1944 ya gabatar da wasansa na farko, The Garden of Eden and the Throne of God, a zauren Glover da ke Legas, bisa ɗaukar nauyin wata cocin Aladura. Ba da daɗewa ba ya ajiye kaki, ya mayar da ƙungiyarsa ta African Music Research Party hanyar cin abinci. Da haka ya zama jagoran masu wasan yawo na zamani a ƙasar Yarabawa. Ya wakilci Nijeriya a bajekolin duniya na Montreal ta Kanada a 1967. Ya rasu a Landan a watan Afrilu na 1990, bayan ya yi rashin lafiya a lokacin ɗaukar fim ɗin Mister Johnson a yankin Jos.

3.0 Murya da Karin Sauti

Abu na farko da ya kamata masanin harshe ya lura da shi shi ne yadda Ogunde ke daidaita karin waƙa da karin sautin harshe. Yarabanci yana da karin sauti iri uku: na sama, da na tsakiya, da na ƙasa. Kalmar da ake rubutawa igba tana iya nufin ƙwarya, ko ɗari biyu, ko lokaci, gwargwadon karin da aka ɗora mata. Waƙoƙin cocin da 'yan mishan suka fassara sun ɗauki karin waƙar Turai suka aza wa kalmomin Yarabanci, ta yadda sau da yawa murya takan hau inda kalma ke buƙatar sauka, ma'ana ta ɓace ko ta juye. Cocin Aladura da mawaƙan da suka ƙirƙiro kare-karen gida su ne suka tashi gyaran wannan matsala, kuma a wannan makaranta Ogunde ya ƙware.

Amfanin wannan a kan dandamali babba ne. Wasanninsa na farko duk da waƙa ake yin su, ba a magana. Idan da kalma ba ta fita daidai, da labari bai isa kunnen mai sauraro ba. Tun da yake karin waƙarsa na bin hawa da saukar kalma, sai waƙar ta zama kamar zance ne aka ja shi, mai sauraro yana jin daɗin kiɗa, yana kuma fahimtar kowace gaɓa. Ko bayan da ya koma sanya magana a cikin wasanninsa, tazarar da ke tsakanin maganarsa da waƙarsa ba ta da yawa. Yakan fara da zance, ya ɗaga zuwa kirari, ya zarce cikin waƙa, 'yan amshi su karɓa, ba tare da an ji inda aka yi ɗinki ba. A wasannin da ɗan wasa ke dakatar da labari domin a rera waƙa, hankalin 'yan kallo yakan tsinke. A wajen Ogunde waƙar ce ke jan labarin gaba.

4.0 Buɗe Wasa da Aikin Jiki

Ogunde ba ya fara wasa kai tsaye. Yakan buɗe da waƙa da rawa na dukkan ƙungiya, shi yana gaba. J. A. Adedeji, wanda ya yi nazarin wasan Alarinjo, wato wasan yawo na masu rufe fuska da ya samo asali daga dodannin egungun, ya danganta wannan buɗewa da abin da Yarabawa ke kira ijuba, ma'ana gaisuwar ban girma ga Ubangiji da magabata da masu gari kafin a fara aiki. Wannan buɗewa tana da ayyuka guda uku. Tana kwantar da hayaniyar zaure, domin jama'ar da suka sayi tikiti suka shigo da surutu sai kiɗa ya tattaro su wuri ɗaya. Tana gabatar da shugaban ƙungiya da sunansa da fuskarsa kafin ya shiga rigar wani. Sa'annan tana sanar da jigon wasan tun da wuri.

Na biyun ya fi muhimmanci a nan. Mai kallon Ogunde ya san cewa sarkin da ke gabansa Ogunde ne, mutumin da ya gaishe shi ɗazu. Don haka yana ganin mutum biyu a jiki ɗaya: wanda ake kwaikwaya da mai kwaikwayon. Duk lokacin da sarkin cikin wasa ya juyo ya yi wa jama'a gargaɗi, nauyin sunan Ogunde yana bayan maganar.

Idan aka kwatanta shi da takwarorinsa biyu, matsayinsa zai ƙara fitowa. Duro Ladipo, a wasansa Oba Koso, ya dogara ga kwarjini da tsawa da gangar bata, har ya zama ana kallonsa tamkar Sango. Kola Ogunmola, a wasan da ya tsamo daga littafin Amos Tutuola na mashayin bammi, ya shahara da motsin fuska da ishara da ban dariya mai sanyi. Ogunde bai kai Ladipo ban tsoro ba, bai kuma kai Ogunmola laushin kwaikwayo ba. Abin da ya fi su shi ne iya haɗa rawa da waƙa da magana da ado cikin tafiya ɗaya, da kuma iya riƙe ragamar taron mutane masu yawa a kan dandamali. Matan ƙungiyarsa, waɗanda da dama daga cikinsu matan aurensa ne, sun daɗe tare da shi, kuma wannan daɗewa ita ta ba amshi da rawarsu daidaiton da ƙungiya mai sauya mutane ba ta samu.

5.0 Sanin 'Yan Kallo

Mai wasan yawo da kuɗin ƙofa yake ci, ba shi da albashi. Wannan ya tilasta wa Ogunde karanta fuskokin jama'a kowane dare. A ƙarshen shekarun 1940 ya kai wasa ƙasar Ghana ta yau, bai sami karɓuwa ba, domin mutanen ba sa jin Yarabanci. Da ya koma da shiri mai yawan kiɗa da rawa irin na zamani, sai aka karɓe shi. Darasin da ke ciki shi ne, ƙwarewar harshe tana aiki ne inda ake jin harshen, inda kuwa ba a ji, jiki da kiɗa ne ke ɗaukar kaya. Haka ya riƙa sauya salo gwargwadon zamani: daga labaran Littafi Mai Tsarki zuwa na siyasa, daga waƙa zalla zuwa magana, wani lokaci da Ingilishi ko buroka domin biranen da ke da ƙabilu daban-daban, daga ƙarshe kuma zuwa fim.

Rashin rubutaccen matani ya taimaka masa a nan. 'Yan wasa sun san ƙashin labari da waƙoƙi, amma kalmomin zance a baki suke. Idan dariya ta tashi sai a ja wurin, idan zaure ya yi sanyi sai a gajarta. Wasan da aka yi a Ibadan da wanda aka yi a Jos suna ɗaya ne, amma ba a cika samun su daidai ba.

6.0 Tsadar Abin da Ake Faɗa

Murya da rawa suna jawo mutum, amma abin da ke sa ya riƙa tuna wasa bayan shekaru shi ne sanin cewa mai maganar ya saka wuyansa. Wasan Strike and Hunger ya taso ne daga yajin aikin gama-gari na 1945, kuma 'yan sandan mulkin mallaka sun tsayar da shi a Jos a 1946. Wasan Bread and Bullet na 1950 ya yi magana a kan harbin masu haƙar kwal a Iva Valley ta Inugu ranar 18 ga Nuwamba 1949, inda mutum 21 suka mutu, shi ma an hana nuna shi a Kano.

Misali mafi girma shi ne Yoruba Ronu na 1964, wato kira ga Yarabawa da su yi tunani. Labarin wani sarki ne da mataimakinsa ya ci amanarsa ya miƙa shi ga abokan gaba. A lokacin Cif Obafemi Awolowo na kurkuku tun 1963, tsohon mataimakinsa Cif Ladoke Akintola kuma shi ne Firimiyan Jihar Yamma. Ogunde bai ambaci sunan kowa ba. Habaici ya yi, kuma kamar yadda yake a habaicin Bahaushe, mai sauraro ne ke cike gurbin suna, ta haka sai ya zama da shi aka yi maganar. Gwamnatin Jihar Yamma ta haramta wa ƙungiyar wasa a yankinta, wato a babbar kasuwarta, har zuwa 1966 lokacin da gwamnan soja Adekunle Fajuyi ya ɗage takunkumin. Martanin Ogunde shi ne wani wasan mai suna Otito Koro, ma'ana gaskiya ɗaci gare ta. Waƙar Yoruba Ronu kuwa ta bazu a faifai, ta shiga gidajen da wasan bai isa ba. A nan fa'idar haɗa wasa da waƙa ta bayyana: ana iya rufe zaure, amma waƙar da ta zauna a bakin jama'a ba ta rufuwa da takardar hukuma.

7.0 Inda Salon Ya Yi Rauni

Abubuwan da suka ba shi ƙarfi su ne kuma tushen rauninsa. Zubin labaransa sau da yawa sako-sako ne, nagari da mugu a bayyane suke tun farko, wa'azi yakan yi yawa a ƙarshe. Kasancewar shi ne mai ƙungiya, kuma marubuci, kuma tauraro, ya sa sauran 'yan wasa ba su cika samun fili su nuna zurfin hali ba. Da ya shiga fim da Aiye da Jaiyesimi, jama'a sun yi tururuwa, amma kyamara ta raba shi da abin da ya fi ƙwarewa a kai, wato jin numfashin zaure da mayar masa da martani nan take. Sai tsafi da mayu da dabarun hoto suka cike gurbin. Babban rashi kuma shi ne, wasan da ya dogara ga jikin mutum ɗaya yakan tafi tare da shi. Abin da ya rage a yau shi ne faya-fayai da finafinai da hotunan mujallar Atoka da littafin da Ebun Clark ta rubuta a kansa a 1979.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa abin da ke riƙe 'yan kallon Ogunde shi ne waƙar da ke mutunta karin sautin harshe, da buɗewar da ke ƙulla amana tsakaninsa da jama'a, da sauya salo bisa ga wanda ke gabansa, da kuma faɗar abin da ya jawo masa hasara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa sarai a rubutaccen matani. Ke nan, idan sassan harsunan Nijeriya suka ci gaba da auna wasa da ma'aunin littafi kaɗai, za su riƙa yanke wa manyan masu fasaha hukuncin rauni alhali ba a duba inda ƙarfinsu yake ba. Wannan ya shafi Ogunde, ya kuma shafi irin su Ɗan Maraya Jos, wanda yakan sauya murya ya kwaikwayi mutanen da yake waƙa a kansu, da 'yan kama da masu tashe. Akwai buƙatar a sanya aiwatarwa ta zama rukuni mai zaman kansa a nazari, a riƙa ɗaukar sauti da hoton masu wannan sana'a tun suna raye, a kuma horar da ɗalibai su iya bayanin murya da motsi kamar yadda suke iya bayanin jigo da salo.