Jan Layi Ba Karatu Ba Ne

Kwanan baya na ari Ruwan Bagaja a laburare, na tarar wani ɗan'uwa ya ja layi ƙarƙashin kusan kowace jimla. Duk inda Malam Zurƙe ya fito sai ya rubuta "muhimmi". To, muhimmi ta ina? Bai faɗa ba.

Wannan ya tuna mini da Risalar kakana, rubutun hannu. Da gangan mai kwafarta ya bar fili tsakanin layuka da gefen shafi. Nan almajirai suka riƙa sa ma'anar kalma mai wuya da ajami, da gyaran kuskure, da abin da malam ya ƙara a zaure. Wanda ya gaji littafin ya gaji darasin.

Saboda haka ni ban ga laifin rubutu a littafi ba, muddin naka ne. Laifin shi ne rubutun da babu tunani a cikinsa. Mu masu nazarin adabi, in mun ja layi mu faɗi dalili: nan Abubakar Imam ya yi ba'a, nan kuma ban yarda da shi ba. Littafin laburare kuwa amana ne, a nemi takarda daban.