Jinjina ga Maƙeran Azurfa na Diffa

In tsohon kuɗi ya fito daga adakar kaka a N'Guelbély, ba wanda ya san asalinsa, sai a nufi maƙeran azurfa na Diffa. Aikinsu yana burge ni ƙwarai. Maƙeri zai auna shi a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa a kan uwar maƙera, ya kasa kunne, don amon azurfa daban yake da na dalma. Da ya ga kan mace da gaggafa mai kai biyu, ya gane dalar Mariya Tereza ce ta Ostiriya, wadda ta daɗe tana yawo a kasuwannin Borno. Shekarar 1780 da ke jikinta kada ta ruɗe ku, da ita aka ci gaba da bugawa bayan rasuwar sarauniyar. Kafin ku narkar da gadon kaka, ku kai musu su duba.