Hoton Bakin Inuwa da Haƙƙin Baƙar Fata

Wata magana ta zauna a bakin masu ɗaukar hoto na zamani, wai hoton da aka ɗauka ba fitila ba filasha aikin ɗan koyo ne, ko na wanda aljihunsa bai kai ga kayan aiki ba. A wurinsu mai hoto bai cika ba sai ya shigo wurin biki da fitilu uku bisa sanduna da yaro mai jan waya. Wannan hukunci ba shi da tushe. Aiki da hasken rana wanda aka tace shi ko aka karkato shi fanni ne mai zaman kansa, kuma a hoton fuska, musamman fuskar baƙar fata, ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba.

Da hasken rana sana'ar ta fara. Situdiyoyin ƙarni na 19 a Turai da Amurka rufin gilashi ake yi musu da labulen da ake ja a rage haske ko a ƙara, kuma an fi son tagar da ke kallon arewa, domin rana ba ta cika leƙowa ta nan kai tsaye ba. Bayan fitilar lantarki ta wadata ma gwanaye ba su saki ba. Irving Penn na mujallar Vogue, wanda kuɗin fitila ba ya gagararsa, tanti ya riƙa kafawa yana ɗaukar mutane a cikinsa da hasken sararin sama, har ya kai shi Dahomey a 1967. Amma wanda ya fi cancanta a zauna a gabansa a ɗauki karatu shi ne Seydou Keïta na Bamako, ɗan kafinta da ya buɗe situdiyonsa a 1948, ya yi ta aiki har zuwa farkon shekarun 1960 lokacin da gwamnatin Mali ta ɗauke shi aiki. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, zanen gadonsa ne ma labulen bayansa na farko, kuma sau da yawa ɗauka ɗaya yake yi wa mutum.

Tushen fannin ƙa'ida ɗaya ce: gwargwadon faɗin abin da haske ke fitowa daga gare shi, gwargwadon taushin inuwarsa. Rana da duk girmanta ƙaramin ɗigo ce a sararin sama, shi ya sa idan ta take tsaka sai ta zuba baƙar inuwa a kwarmin ido da ƙasan hanci, mutum kuma ya yi ta mutsu-mutsu da ido. Maganin wannan shi ne bakin inuwa. A tsayar da mutum taku ɗaya ko biyu daga cikin ƙofar zaure ko bakin rumfa, yana fuskantar waje, inda rana ba ta taɓa shi ba amma sararin sama da ƙasar da rana ta daka suna zubo masa haske. Nan take ƙofar gaba ɗaya ta zama fitila, mai faɗin da babu fitilar kanti da ta kai ta. Idan ya ƙara taku ɗaya ciki hasken ya faɗi, bayansa ya yi duhu, fuskar ta fito fili. Idan aka ɗan juya kafaɗarsa sai kunci ɗaya ya ɗauki haske, ɗayan ya sulale cikin inuwa a hankali, ba tare da layin da ya raba su ba. Inuwar da za a guje wa ita ce ta darbejiya, domin rana na ɗigowa ta tsakanin ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare.

Daga nan sai mayar da haske. Farin kwali ko farin zane da aka riƙe a ɓangaren inuwa yana tare hasken da ya wuce ya maido shi kan kunci, kuma matsar da shi da taƙi ɗaya kan sauya hoton. Bangon da aka shafa wa farar ƙasa shi ma wannan aiki yake yi. Kwalin da aka liƙa wa takardar alminiyom da aka cukuikuye ya fi ƙarfi, ya dace da la'asar sakaliya, amma madubi ba ya cikin lissafi, don ranar da aka guje wa ita zai dawo da ita. Kowane abu kuma da launinsa yake mayar da haske: jar ƙasa ta sa fata ja, koren bango ya sa ta kore. Idan haske ya yi yawa ta kowane ɓangare har fuska ta baje, baƙin zane a gefe ɗaya zai shanye wani, siffar ta dawo. In kuwa dole sai a cikin rana, a ɗaga farin yadi mai shara-shara tsakaninta da mutum. A lokacin hunturu hazo kan yi wannan aikin da kansa.

A dubi hoton Keïta na matar nan da ta kishingiɗa a kan bargo mai dara-dara, sanye da riga mai furanni, bayanta labule mai zane. Zane uku ne suka haɗu, kowanne da hayaniyarsa, amma fuskarta ido ke fara sauka a kai. Hasken ya bi goshi da kunci da damtse a natse, babu inda ya ƙone, babu inda ya dushe. Haka hotonsa na saurayin nan mai farar kwat da tabarau yana riƙe da fure: farin yadin bai wanke ba, baƙar fuskar ba ta nutse ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ango cikin farar shadda ya san wannan ne wuri mafi wuya a sana'ar.

A nan ne gardamar take. Baƙar fata da sheƙinta take nuna siffarta. Abin da kyamara ke gani a kanta hoton abin da ya haska ta ne, kamar yadda sabuwar tukunyar da aka goge ke ɗaukar hoton ƙofar ɗaki a jikinta. Idan hasken mai faɗi ne, sheƙin zai kwanta a faɗin goshi da ƙashin kunci ya zana fuskar. Idan ƙaramar filashar kan kyamara ce, sai ya taru ya zama farin tabo a goshi da kan hanci kamar maiƙo, sauran fuskar ta yi duhu. Mai hoto ya ga haka sai ya ƙara haske, ya koma kwamfuta ya goge, ya ƙara fari, har a miƙa wa amarya hoton da 'yan uwanta za su yi jim kafin su gane ta. Matsalar ta daɗe. A shekarun 1950 katin da kamfanin Kodak ke raba wa masu wankin hoto don daidaita launi hoton Baturiya ne a jikinsa, aka shafe shekaru da dama ana auna kowace fata da ita. Mai hoton da ke ƙone fuska da filasha sannan ya faranta ta, wannan awon yake ci gaba da yi da hannunsa, kuma yana taya masu sayar da man bilicin talla.

Masu suka na cewa hasken rana ba shi da tabbas, gajimare ya gitta ya canja, magariba ta yi ya tafi. Gaskiya ne, kuma shi ya sa fannin ke buƙatar ido. Suna kuma kawo Malick Sidibé, wanda ya ɗauki rawar matasan Bamako da filasha. Shi da dare ya yi wannan aikin, motsi yake bi, filasha ta dace da shi. Hoton zama da mutum ya yi ado dominsa, wanda jikoki za su gani, wani abu ne daban. Keïta ya rasu a 2001, a 2016 kuma aka baje hotunansa a Grand Palais da ke Paris. Ya kamata masu koyar da wannan sana'a su fara da kwali da farin zane da ƙofar zaure, kada su ba yaro filasha sai ya iya fitar da baƙar fuska da launinta na gaskiya.