Zanen da ke hannun magini shi ne zane

Duk wanda ya taɓa zanen gini da AutoCAD ya san wannan cutar. Fayil ɗaya sunansa "na ƙarshe", na kusa da shi "na ƙarshe 2", ga kuma "na ƙarshe na gaske". Mai gida ya ce a mayar da ƙofa gabas, an mayar, an aika masa ta WhatsApp. Shi kuwa magini yana can Bande ko Dogo-Dogo da takardar makon jiya a aljihu, har ya ɗora jeri shida na bulo.

Shi ya sa ake ta kwaɗaita wa ƙananan shagunan zane manhajojin adana fayil masu riƙe tarihin kowane gyara. Ban ƙi su ba. Sai dai a ganina, mai zane a Magariya ko Dungas ba nan ya kamata ya fara ba.

Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, kyauta ce kuma tana aiki ba intanet. Amma don masu rubuta manhaja aka yi ta. Za ta ajiye maka fayil ɗin zane na DWG, sai dai ba za ta nuna maka bangon da ya matsa ba, ba ta kuma iya haɗe gyaran mutum biyu. Vault ta kamfanin Autodesk ta fahimci zane, amma tana buƙatar kwamfutar da za a keɓe mata da mai kula da ita. Masu ajiya a intanet kuwa sai da layi mai ƙarfi da wuta. Mutanen Damagaram ba su manta da yanke lantarkin da Najeriya ta yi daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 ba.

Maganin farko ba ya cin ko dala. Sunan fayil ya ɗauki gari, da aiki, da kwanan wata a jere shekara, wata, rana, sannan harafin gyara: A, B, C. Harafin nan ya fito ɓaro-ɓaro a kusurwar takardar da aka buga, tare da layi ɗaya mai faɗin abin da ya canza da wanda ya amince. Kada a tura wa mai gida fayil ɗin aiki, a tura PDF. Kowace yamma a kwafa a filashi, in layi ya samu a ɗora a Google Drive, mai ba da gigabait 15 kyauta. Tun ran gini tun ran zane.

Ranar da shago ya kai mutum uku masu taɓa zane ɗaya, to manhaja ta zama dole. A nan Subversion ta fi dacewa, don kyauta ce kuma tana kulle fayil har mai aiki a kai ya gama.

Ko a lokacin, akwai aikin da ba manhajar da za ta yi maka. In ka fitar da gyara na C, ka hau babur ka je wurin gini, ka miƙa wa magini sabuwar takarda, ka karɓe ta B daga hannunsa, ka ja mata jan biro.